Tambayoyin Masu Karatu: Neman Gurbin Masta a Injiniyancin Kayan Asibiti

Wasiƙun wannan karon yawancinsu hanya ɗaya suka bi. Ɗalibai ne da ma'aikata, har da wani uba, daga Maraɗi da kewaye, suna neman bayani a kan karatun gaba da lisans a fannin da ya haɗa aikin injiniya da aikin likita. Mun zaɓi bakwai mun taƙaita su, malamai da injiniyoyin da ke kula da wannan fili suka ba da amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala lisans a fannin fizik a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da maki 12.8 bisa 20. Ina son yin masta a injiniyancin kayan asibiti, amma rabona da darasin halittu tun ina lise. Za a karɓe ni kuwa?
Ibrahim, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Ibrahim. Kwantar da hankalinka, rashin ilimin halittu ba shi zai tare maka hanya ba. Galibin waɗannan kwasa-kwasai domin irinku aka tsara su, wato waɗanda suka fito daga fizik, lantarki, kanikanci ko kwamfuta. A zangon farko ake koya musu tsarin jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓi ke aiki. Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, alal misali, tana da darussa na musamman a kan haka domin injiniyoyi zalla.

Abin da ba wanda zai tsaya ya koya maka shi ne lissafi. Idan takardar makinka ta isa hannun masu tantancewa, ba sa daɗewa a kan jimillar da ke ƙasa. Layi-layi suke bi: nawa ka samu a aljabara, nawa a lissafin sauye-sauye, nawa a ƙididdiga, ko ka yi darasin lantarki, ko ka taɓa sarrafa sigina, ko ka iya rubuta manhaja. Dalili kuwa a fili yake. Ɗauki na'urar auna bugun zuciya. Wutar da zuciya ke fitarwa, in an ɗauke ta a kan fata, ba ta wuce milibolt ɗaya ko makamancin haka, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt. A ɗakin da ake auna ta kuwa akwai wayoyin kuran masu kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ga motsin majiyyaci, ga gumi a ƙarƙashin maƙalan. Duk waɗannan suna hawa kan siginar su rufe ta. Aikin injiniya shi ne ya ƙara mata ƙarfi, ya tace hayaniyar, ba tare da ya goge ɗan lanƙwason da likita ke dubawa ya gane ciwon zuciya ba. Wanda ya fahimci lissafin Fourier, wato hanyar rarraba sigina gwargwadon saurin kaɗawar kowane ɓangarenta, ya riga ya yi nisa a wannan aiki. Wanda bai san shi ba, haddace sunayen jijiyoyi ba zai fisshe shi ba. Don haka daga yau ka koma kan waɗannan darussa, ka kuma zauna da Python, harshen rubuta manhaja, har hannunka ya faɗa. Kyauta ake saukar da shi, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa.

Sai ka san reshen da kake nufi, domin fannin faɗi gare shi. Akwai kula da kayan asibiti: zaɓen na'ura kafin a saya, kafa ta, daidaita ta, gwajin lafiyar wutarta bisa ƙa'idar IEC 60601, da tsara jadawalin gyara. Akwai ƙera na'urori da sarrafa sigina. Akwai hoton cikin jiki, irin su radiyo, eko da sikana. Akwai ƙera ƙafar roba da sauran kayan taimakon gaɓoɓi. Akwai kuma masu raino da ƙera tsoka da fata a ɗakin gwaji. A ganinmu, mai niyyar dawowa gida ya yi aiki ya fi cin riba a rassa huɗu na farko. Na ƙarshen ilimi ne mai daraja, sai dai yana buƙatar ɗakunan gwaji masu tsada ƙwarai, kuma wanda ya ƙware a kansa yakan tarar aikinsa na can inda ya yi karatu.

Game da 12.8, maki ne da zai buɗe maka ƙofar jami'o'i da dama. A gasar manyan guraben tallafi kuwa za ka tarar da masu 14 da 15 a gabanka, sai ka cike giɓin da aikin hannu. Nemi istaj na wata biyu ko uku a sashen gyaran na'urori na wani asibiti, ka kuma karanta amsar da muka ba Malam Laminu a ƙasa da kyau.

Tambaya: Ni lisans ɗina a ilimin halittu ne, ina aiki a ɗakin gwajin jini. Ko zan iya juyawa zuwa wannan fanni?
Hadiza, Tasawa

Amsa: Malama Hadiza, gara mu faɗa miki gaskiya: hanyarki ta fi ta Malam Ibrahim tudu. Jami'o'in Turai da yawa suna rubuta adadin darussan lissafi da na injiniya da dole mai nema ya riga ya yi, kuma in ba su cika ba, ma'aikacin ofis ne zai ajiye dosiyen tun bai kai teburin farfesa ba. Kafin ki kashe ko dala, buɗe shafin kwas ɗin, ki nemo sharuɗɗan shiga, ki ɗora takardar makinki a gefe ki gwada layi da layi.

Amma akwai ƙofofin da suka dace da ke. Kwasa-kwasan da suka karkata ga na'urorin gwajin cuta, ga kayan da ake dasawa a jiki, ko ga kula da inganci da dokokin kayan asibiti bisa ƙa'idar ISO 13485, sukan karɓi masu ilimin halittu da kimiyyar haɗa sinadarai. Kuma kin san abin da injiniya da yawa ba su sani ba: yadda na'urar ƙirga ƙwayoyin jini ke fara ba da sakamakon banza idan sinadarinta ya sha zafi, da yadda firjin da ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8 ke yi idan wuta ta ɗauke da tsakar rana a watan Afrilu. Ki gina buƙatarki a kan wannan.

Tambaya: Ina da BTS, wato diflomar fasaha ta shekara biyu, a lantarki, kuma shekara shida ke nan ina gyaran na'urori a wani asibiti. Ashe wannan gogewa ba za ta tsaya a madadin lisans ba?
Laminu, unguwar Zariya, Maraɗi

Amsa: Malam Laminu, sannu da ƙoƙari, aikinku ne ke riƙe da asibitoci ko da ba a cika ambatonku ba. Sai dai a kan takarda, amsar ita ce a'a. A tsarin LMD, wato lisans, masta da dokta, da ƙasashenmu ke bi, lisans shekara uku ce bayan bak, kiredi 180, masta kuma shekara biyu, kiredi 120. BTS da takwararsa DUT shekara biyu ne, saura ɗaya. Hanya mafi gajarta ita ce ka yi shekarar lisans ta sana'a. A maƙwabta, makarantar EPAC ta Jami'ar Abomey-Calavi a Benin tana da sashe na wannan fanni. Duk inda za ka yi, musamman in makarantar kuɗi ce, ka tabbatar gwamnati ta amince da takardarta, ka kuma duba ko tana cikin jerin da CAMES, hukumar kula da ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, ta tantance. Mutane da yawa sun biya kuɗin shekara guda, ranar neman masta aka ce ba a san takardar ba.

Ka kuma sani cewa ƙasashen Afirka masu Ingilishi galibi digirinsu na injiniya shekara huɗu ne ko biyar. Jami'o'in Najeriya masu wannan fanni, irin su Ibadan, Legas da Ilori, suna iya ce wa mai lisans ta shekara uku ya fara yin difloma ta gaba da digiri kafin masta. Afirka ta Kudu kuwa sai hukumar SAQA ta auna takardarka ta faɗi matakinta a tsarinsu.

To, sai batun shekarunka shida, wanda nan ne muke so ka tsaya. Gogewa tana da nauyi ƙwarai a wurin masu tantancewa, amma sai an mayar da ita hujja. "Na yi shekara shida ina gyara" magana ce da kowa zai iya rubutawa. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne rajista mai alƙaluma.

Mu ɗauki na'urar tace iskar oksijin, wadda ke ɗakin yara na kusan kowane babban asibiti. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin. Kwamfuresa tana zuƙo iskar ɗaki ta tura ta cikin tuluna biyu masu cike da ƙwayoyin wani ma'adini da ake kira ziyolayit. Waɗannan ƙwayoyi suna riƙe nitirojin su bar oksijin ya wuce, tulunan kuma suna karɓa-karɓa: ɗaya na tacewa, ɗaya na fitar da abin da ya riƙe. Lafiyayyar na'ura mai lita 5 a minti tana ba da oksijin kashi 90 zuwa 96 cikin ɗari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 82 a matsayin iyakar ƙasa. A Maraɗi abu huɗu ne ke cin ta. Ƙurar hunturu tana toshe soson tacewa, kwamfuresa ta yi ta nishi tana zafi. Raɓar damina tana shiga ziyolayit ta kashe shi, kuma in ya mutu ba ya farfaɗowa, sai an sauya tulun. Wuta mai hawa da sauka, da sauyi tsakanin kuran da janareta, suna ƙona kafasita da allon sarrafawa. Ga kuma zafin bazara da ke haura digiri 40, alhali an jingine na'urar da bango ba inda iska za ta zagaya ta.

Abin tsoron shi ne na'urar da ziyolayit ɗinta ya gaji ba ta yin shiru. Tana ruri kamar kullum, ɗan ƙwallon ma'aunin yana tsaye cak a kan lita 2, ruwan kwalba yana ta kumfa, uwa na zaune a bakin gado tana ganin an sa wa ɗanta oksijin. In ƙararrawar gargaɗi ta lalace ko an saba da kukanta, ba mai ganewa sai wanda ya ɗora ma'aunin tsabtar oksijin a bakin bututun.

Don haka ka buɗe rajista. Kowace na'ura da layinta: lambarta, awowin da ta yi aiki kamar yadda agogonta ya nuna, tsabtar oksijin a lita 2 da lita 5, ƙarfin wutar soket a lokacin awo, zafin ɗaki, ranar da aka wanke soso, abin da ya lalace, kayan da aka sauya, da kwana nawa ta yi a ajiye tana jiran kayan gyara. Ka auna ranar da ka tsayar a kowane mako, bayan na'urar ta yi aƙalla minti biyar a kunne, domin awon farkon kunnawa yakan yi ƙasa. Ka nemi izinin shugaban asibiti a rubuce, kuma kada sunan majiyyaci ko ɗaya ya shiga ciki. In ka riƙe haka daga Nuwamba zuwa Agusta, ka ratsa hunturu da bazara da damina ke nan, kuma kana da abin rubuta kundin lisans, da abin nuna wa farfesa, da abin da zai gyara aikin asibitinku tun kafin ka tafi ko'ina.

Tambaya: Wane lokaci ake fara nema, kuma waɗanne takardu zan tanada?
Rabi'u, Tsibiri

Amsa: Malam Rabi'u, ba a fafe gora ranar tafiya. In kana son shiga aji a Satumba ko Oktoba, shirinka ya fara shekara guda kafin nan. Guraben Erasmus Mundus na Tarayyar Turai galibi ana buɗe su tsakanin Oktoba da Janairu. A cikinsu akwai MAIA, mai koyar da nazarin hoton cikin jiki. Tallafin gwamnatin Turkiyya yakan buɗe daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. A Jamus akwai kwasa-kwasan wannan fanni da Ingilishi a Aachen da Lübeck, kuma wasu jami'o'in suna rufe wa baƙi ƙofa tun farkon Maris. Guraben haɗin gwiwa da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ta hannun ANAB, hukumar ba da tallafin karatu ta Nijar, suke biyowa, kuma wa'adinsu kan zo a ƙure, don haka dosiye ya zauna a shirye. Jami'ar Tlemcen a Aljeriya ta daɗe tana koyar da wannan fanni, ga kuma cibiyar fasahar kayan asibiti ta Tunis, duka da Faransanci. Faransa kanta tana da makarantu masu suna a nan, musamman ta Compiègne, amma tun da aka rufe ofishin jakadancinta a Yamai a Janairun 2024 hanyar biza ta yi wuya. Kowace ƙasa ka nufa, fara da tambayar inda ɗan Nijar ke ajiye takardar biza kafin ka biya kuɗin nema.

Takardun su ne: fasfo, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, shaidar bak da makinta, takardun maki na kowane zango shida na lisans, shaidar lisans, taƙaitaccen tarihin karatu da aiki, wasiƙar bayyana manufa, wasiƙun shaida biyu, da sakamakon jarrabawar harshe. Kwafi sai an buga masa hatimin tabbatarwa, fassara kuma sai ta mai fassara da kotu ta rantsar. Takardar shaidar rashin laifi ka bar ta ƙarshe, domin wata uku take yi ta mutu.

Inda dosiyen ƴan ƙasarmu ya fi karyewa shi ne suna. A takardar haihuwa Mahamadou, a shaidar bak Mahamane, a jami'a Maman, a fasfo kuma an sa sunan uba a gaba. A wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin ma'aikacin da ke Ankara ko Balin mutum huɗu ne. Haka ranar haihuwa: wanda aka yi wa takarda ta hukuncin kotu, aka rubuta shekara kawai ba rana ba wata, yakan tarar wata takardar ta ce 1 ga Janairu, wata ta ce 31 ga Disamba. Yau ɗin nan ka baje takardunka duka a kan tabarma ka bi su harafi da harafi. In sun saɓa, ka nemi gyara ko takardar kotu mai shaida cewa mai waɗannan sunaye mutum ɗaya ne. Wannan aiki yana cin makonni, wani lokaci har da tafiya Yamai, fiye da kilomita 600.

Na biyu, ainihin takardar digiri takan yi jinkirin fitowa. Yawancin jami'o'i suna karɓar shaidar wucin gadi a lokacin nema, amma su nemi ta ainihi ranar rajista, don haka ka shigar da buƙatarta tun yanzu. Na uku, kada ka ɗauki takarda hoto da waya a karkace, da inuwar hannunka a kai. Je wurin mai sikana, kowace takarda ta zama fayil ɗin PDF guda mai ɗauke da sunanta. Kuma kada ka bar turawa sai daren ƙarshe. Ka san halin intanet da wuta.

Tambaya: Me ake rubutawa a wasiƙar bayyana manufa? Kuma an ce sai na sami farfesa tukuna, gaskiya ne?
Nana Aisha, Sabon Gari, Maraɗi

Amsa: Malama Nana, wasiƙar shafi ɗaya ce, in ta yi yawa ɗaya da rabi. Mai karanta ta yana da ɗaruruwa a gabansa, kuma mafi yawansu da jimla iri ɗaya suke farawa: tun ina ƙarami nake son taimakon al'umma, ƙasata matalauciya ce. Ki tsallake wannan. Ki fara da matsala guda da kika gani da idonki kuma kika auna. Sannan ki faɗi abin da kika yi a kanta da ilimin da kike da shi, da inda iliminki ya tsaya. Daga nan ki ambaci darussa biyu ko uku na wannan kwas ɗin, da sunansu, waɗanda za su cike wurin. Ki rufe da aikin da kike son yi bayan kammalawa. Kowace jami'a da wasiƙarta. Wadda aka aika wurare biyar ba a sauya komai ba ana gane ta, balle wadda aka manta sunan wata jami'ar a ciki.

Ga misalin batu mai nauyi da ya shafe mu kai tsaye. Ɗan ma'aunin da ake maƙalawa a yatsa yana haska jan haske mai tsawon zango nanomita 660 da wani da ido ba ya gani mai kimanin 940, ya kwatanta yadda jini ke shanye kowanne, ya fitar da yawan oksijin. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna cewa a jikin baƙaƙen fata ma'aunin ya fi yawan nuna lafiya alhali oksijin ya yi ƙasa, kusan ninki uku idan aka kwatanta da fararen fata. Ɗalibar da ta fito daga inda kowane majiyyaci baƙar fata ne, kuma ba kowane asibiti ke da gwajin iskar jini na tabbatarwa ba, tana da dalili mai ƙarfi na neman yin aiki a kan wannan.

Batun farfesa ya danganta da irin mastar. Wadda ta ginu a kan darussa, ofishin shiga ake nema kai tsaye. Wadda ta ginu a kan bincike, da kuma dokta, sai da mai duba aiki. Ki karanta aƙalla maƙala ɗaya tasa, ki rubuta masa saƙon da bai wuce kalma 150 ba: ko ke wace ce, abin da kika karanta nasa, tambayar da kike son bi, sai ki haɗa da tarihinki da takardar maki. In mako biyu ya wuce shiru, ki tuna masa sau ɗaya.

Wasiƙun shaida kuwa, ki zaɓi malamin da ya duba kundinki ko ya ga aikinki a ɗakin gwaji, ko da ba shi da babban muƙami. Ki sanar da shi da wata guda. Yawanci jami'ar ce ke tura masa mahaɗi ta imel, kuma saƙon kan faɗa akwatin tarkace. Dosiye da yawa sun mutu a haka ba tare da mai shi ya sani ba. Ki je ofishinsa da ladabi ki tabbatar ya gani.

Tambaya: Ƴata ta gama lisans a lantarki tana son tafiya waje. Wani ya ce in ba shi sefa miliyan ɗaya da rabi zai samo mata gurbi da tallafi. Ina neman shawara, kuma ina son sanin ainihin abin da karatun zai ci.
Alhaji Mamman, Madarumfa

Amsa: Ranku ya daɗe, Baba Alhaji, Allah ya saka muku da alheri da kuka tsaya wa karatun ƴarku. Kada ku ba da kuɗin nan. Ba wani ɗan tsakani da ke da ikon ba da gurbin tallafi. Neman tallafin Turkiyya kyauta ne, ɗaliba da kanta take cikewa a shafin hukumar. Na Erasmus Mundus ma a shafin kwas ɗin ake nema kai tsaye. Abin da irin waɗannan mutane suka saba yi shi ne su cike fom ɗin da imel nasu, su riƙe kalmar sirri, daga baya su riƙa neman ƙari. Wani lokaci kuma su kawo takardar karɓa ta jabu, wadda in ta isa ofishin biza sunan yarinya ne zai ɓaci. In an nuna muku takardar karɓa, ƴarku ta rubuta wa ofishin shiga na jami'ar, ta adireshin da ke shafinsu, ta tambaya ko daga gare su ta fito.

Ga lissafin. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Wanda ya sami tallafin Erasmus Mundus ba ya biyan kuɗin makaranta, kuma ana ba shi Yuro 1,400 a wata, wato sama da jaka ɗari tara. Gasar tana da zafi sosai. Tallafin Turkiyya ya ƙunshi kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya, tikitin jirgi, kuɗin kashewa na wata, da shekara guda ta koyon Turkanci kafin a fara. Ɗakunan kwanan gwamnati a can na mata daban, na maza daban. Sharaɗin masta shi ne shekaru ƙasa da 30 da maki kashi 75 cikin ɗari. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba su karɓar kuɗin karatu sai na rajistar zango, amma kafin biza sai an nuna kuɗin zama na shekara a asusu na musamman, Yuro 11,904 bisa adadin da aka sa a 2024, kimanin sefa miliyan bakwai da jaka ɗari takwas. Hukumar uni-assist mai duba takardun baƙi tana karɓar Yuro 75 a nema na farko, 30 a kowane ƙari.

Ko da tallafi ya samu, akwai kuɗin da ke fita daga aljihunku tun kafin tafiya: fasfo, fassara, hatimi, jarrabawar harshe, zirga-zirgar biza, da guzurin watan farko, domin tallafi ba ya shiga hannu ranar sauka. Abin da za ku ba wancan mutumin, ku ajiye shi domin waɗannan.

Game da aiki bayan dawowa, ba za mu yi muku alkawarin kujerar gwamnati ba. Amma masu buƙatar irin wannan ilimi suna nan: manyan asibitoci, kamfanonin da ke shigo da na'urori suna kafawa, asibitocin kuɗi, da ƙungiyoyin agaji masu kula da yara a yankinku. Mace mai wannan sana'a kuma tana shiga ɗakin haihuwa da na jarirai ta yi aikinta ba tare da an takura kowa ba.

Tambaya: Ingilishina na lise ne kawai. Dole ne sai na yi jarrabawa?
Sanusi, Gidan Rumji

Amsa: Malam Sanusi, in da Ingilishi ake koyar da kwas ɗin, dole ne, tunda lisans ɗinka da Faransanci ka yi. Yawanci ana neman maki 6.5 a jarrabawar Ingilishi ta IELTS, wasu kuma su sa sharaɗin kada kowane ɓangare ya gaza 6, ko kuma makin TOEFL da ya yi daidai da haka. Sakamakon shekara biyu yake aiki, saboda haka kada ka yi ta da wuri fiye da kima. Ƴan Maraɗi da yawa Kano ko Abuja suke zuwa su rubuta, kuma da fasfon da ka yi rajista da shi za ka shiga ɗakin jarrabawa. Ka ba kanka wata shida. Inda masu Faransanci suka fi faɗuwa shi ne saurare da rubutu cikin ƙayyadadden lokaci, don haka ka riƙa gwaji da agogo a gabanka. Ko da Aljeriya ko Tunis ka nufa, kada ka saki Ingilishin, domin littattafan gyaran na'urori da maƙalun bincike galibi da shi ake rubuta su. Samo littafin gyara na wata na'ura da ka sani, ka riƙa karanta shafi biyu kullum kana rubuta sababbin kalmomi a gefe.